Wasiƙa Zuwa ga Buhunan Siminti 12 da Ke Zaurena



Bayan gaisuwa da tambayar zama, wanda na san kun fi kowa ƙwarewa a kansa, na rubuto ne don mu fahimci juna, tunda shekara biyar ke nan muna gida ɗaya ba mu taɓa zama mun yi magana ba.

Kun tuna ranar da mai a-kori-kura ya sauke ku a ƙofar gidana a nan Kwamba, ƙarshen 2019? Naira 2,600 na biya kowane ɗayanku. A lokacin kuna da laushi kamar garin tuwo, lebura na sauke ku ƙura na tashi. Na ce a jingine ku a zaure zuwa ranar Asabar. Laifina ɗaya, ban faɗi wace Asabar ba.

Abin da ya tsayar da ni bai taka kara ya karya ba. Uwargida ta ce a fitar da shago ta bakin hanya. Ni kuwa ina hangen ɗakin haya, don ma'aikatan Abuja da kuɗin hayar can ya koro suna ta neman wurin kwana a Suleja, su yi sammako su dawo bayan isha'i, ko ruwan rijiyarka ba su sha. Shago ko ɗaki? Na kai maganar majalisa, aka rabu biyu. Na tambayi surukina, ya ce duk wanda na zaɓa alheri ne, amsar da ba ta taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Na je wa liman sau uku, a na ukun ya ce, "Malam, ita istihara in an yi ta tashi ake yi."

Sai korona ta zo ta ba ni uzuri na shekara guda cur. Daga nan damina, sai azumi, sai ragon layya, sai canjin kuɗi na farkon 2023, sai cire tallafin mai a watan Mayunta. Ban taɓa rasa dalili ba, kuma kowane dalili na gaskiya ne.

Ashe duk wannan lokaci ku kuna can kuna yanke shawara. Ran da birkila ya zo duba ku, ya danna yatsa a buhun farko, yatsan ya lanƙwashe. Ya ari taɓaryar uwargida ya buga, sai ƙara kamar an doki turmi. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ai sun riga sun gina kansu." Shi ya fahimtar da ni cewa siminti ba ya jiran a kwaɓa shi. Danshin iska da na ƙasa ma ruwa ne a wurinsa, yana zuƙa a hankali har ya kama. Katako ake shimfiɗa masa, a nisanta shi da bango, a yi aiki da shi kafin wata uku. Ni kuwa na kwantar da ku a kan daɓe, kun sha damina biyar irin ta Suleja, wadda ke farawa tun Afrilu ba ta sallama sai Oktoba. Yara yanzu Zuma suke kiran ku. Aƙalla shi Dutsen Zuma yana kan takardar naira 100. Ku kuwa a kanku baƙi ke zama su cire takalmi.

Na so in kāre kaina da tarihin garin nan. Nan ce Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828. Murtala ya kafa kwamitin Mai Shari'a Aguda a Agustan 1975, ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya sanar da sabon babban birni, kwana goma bayan nan aka kashe shi. Garinmu ya ba da sunansa ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Amma gwamnati ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991, bayan harbin da aka yi a Barikin Dodan lokacin yunƙurin juyin mulkin Orkar cikin Afrilun 1990 ya tuna wa Babangida cewa Legas ta yi zafi. Na ce wa uwargida, ga ƙasa guda ta yi shekara 15 kafin ta kwashe kayanta, mene ne biyar? Ba ta ɗago kai daga tankaɗe ba ta ce, "Maigida, da Murtala ya tsaya tambayar majalisa, da yanzu kai ɗan Abuja ne." Na nemi amsa na rasa, na fita alwala.

A Fabrairun 2024 da buhu ya haura naira 10,000, na zauna a kanku na yi lissafi. Ban ƙarasa ba, don kaina ya fara sarawa.

To ga sanarwa. Shago za a yi. Ban fi gane dalili yau fiye da 2019 ba, na dai jefa kwabo sama ya faɗo a gefen uwargida, kuma na ba birkila kafin alƙalami tun kafin zuciyata ta kawo wani uzuri. Tifar yashi ta zube kaya jiya. Sababbin buhuna shida suna kan katako, uku an riga an farke. Ku kuma, tunda dutse kuka zaɓa, za a zo da guduma ranar Litinin, 7 na safe, a farfasa ku a cike ramin fandisho. Biyu zan bari a zaure, don surukina ya saba da su.

Naku,
Maigidan da ya saye ku,
Kwamba, Suleja.