Injiniyan Ranar Asabar

A Kano, in ka tsaya ka rage wa mutum hanya, gaisuwa ba ta wuce "ya gida, ya aiki" kafin idonsa ya sauka a kan dashbod. Rami yake nema. "Yallaɓai, wayata ta kusa mutuwa, ko zan ɗan sa caji?" Kafin ka ce uffan ya zare maka filash, ya jefa shi wurin ajiye kofi, ya soka igiyarsa. Shata yana tsakiyar baiti sai ka ji ɗif. Kai kuma ba ka da bakin cewa a mayar, don mai motar da ya hana caji, gobe har majalisa za a kai labarin rowarsa.

Abin haushin, cajin ma ba na a zo a gani ba ne. Ramin USB ɗin da ke ƙasan rediyon mota irin tawa don karanta waƙa aka yi shi. Bolt 5 yake bayarwa, ƙarfin wutar kuma rabin amfiya ne, abin da ƙa'idar USB 2.0 ta shekarar 2000 ta tanada, alhali cajar bango ta wayoyin yanzu tana ba da ninki huɗu na wannan ko fiye. Mutum ya hau daga Kabuga yana latse-latsen WhatsApp, da cajin da ya hau da shi zai sauka a Bata. Na sha yi wa fasinjoji wannan bayani dalla-dalla. Su ce "Allah sarki, ashe haka ne," su bar wayar a jiki.

Filash ɗin nawa kuwa ba ƙaramar dukiya ba ce. Akwai Shata, akwai Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Barmani Coge, tafsirin azumi na shekara da shekaru, da karatun Sudais da nake sawa in babban mutum ya shigo. Sai kuma wata jaka da na raɗa wa suna "Aiki" don kada kowa ya yi sha'awar buɗe ta, wadda babu komai a ciki sai Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Kowane magidanci da nasa sirrin, nawa bai wuce wannan ba. Na taɓa rasa wani filash a gwiwar wani ƙato da ya lanƙwasa shi wajen gyara zama, wani kuma ya bi aljihun wani bawan Allah da har yau bai tuna ya dawo da shi ba.

To, sai dabara ta faɗo mini. Me zai hana in ɗauke ramin nan ɗungurungum daga idon jama'a, in mayar da shi cikin durowar da ke gaban kujerar mai zaman banza, inda ake ajiye takardun mota? A soka filash, a rufe, shi ke nan. Na duba YouTube na ga wani Bature a garejinsa mai tsabta, fes da shi, ya yi aikin nan kafin shayinsa ya huce.

Da na kawo wa uwargida maganar, cewa ta yi, "Malam, ka kai wa rewaya mana."

Na ce rewaya kuma? Don wannan ɗan aikin? Waya huɗu ce fa kacal a ciki: ja mai kai wuta, baƙa mai dawo da ita, sai kore da fara masu ɗaukar waƙar. Na jero mata su a yatsu. Ni da na yi digiri, ko da yake a tarihi na yi shi.

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Injiniya." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na je kasuwar waya ta Farm Centre na nemi igiyar ƙari, mai kan mace da kan namiji, tsawon mita ɗaya. Yaron shagon ya ɗora biyu a kan gilashi, ya ce wannan orijina ce, wannan mai sauƙi. Na jujjuya su, ban ga bambanci ba sai a farashi. Na ɗauki mai sauƙin, na fito ina yi wa kaina kirarin cewa ba a cutar ɗan birni.

Ranar Asabar da hantsi na fito da mota ƙofar gida, na shimfiɗa kayan aiki a kan tabarma: sukundireba, filaya, baƙin tef, da wuƙar yanka albasa da na ɗauko ba da sanin mai ita ba. Baturen wani ɗan cokalin roba ya yi amfani da shi wajen ɓanɓare murfin dashbod, ni kuwa na ga wuƙa ta fi kaifi, don haka za ta fi sauri. Abin da bai faɗa ba, don shi bai shafe shi ba, shi ne shekarun da motar ta yi a rana. Tawa 'yar Kwatano ce, ta shigo tun kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, tun lokacin kuma take shan bazarar Kano ba rumfa. 'Yan haƙoran robar da ke riƙe da murfin sun bushe kamar ƙuli-ƙuli. Na zura wuƙa na ɗan danna, na ji ƙas. Na ce alamar buɗewa ce. Na matsa gaba, ƙas. Ko da murfin ya fito a hannuna, haƙoran da suka rage masa ba za su riƙe takarda ba.

Zuwa lokacin 'yan kallo sun fara taruwa. Yaran layi sun jeru a jikin katanga, mai wankin hula ya bar hulunansa. Maƙwabcina ya leƙo ta taga.

"Malam, lafiya dai motar?"

"Lafiya lau, ɗan gyara nake yi."

"To, ai gyaran na gani ya sa na tambaya."

Cire durowar bai ba ni wahala ba, ana matse gefunanta biyu sai ta sauko. Da saukowarta ta amayar da duk abin da na shekara ina cusa mata: rasiɗai, asuwaki, ƙwallayen dabino, katin ɗaurin auren wasu da yanzu ɗansu yana firamare. A bayanta na tarar da wata matatar iskar esi da ban taɓa sanin da zamanta a duniya ba, ƙurar hunturu ta mayar da ita baƙa ƙirin. A ƙasanta kuma ga wani kwabo mai kan George Washington, sadakar mai motar na farko daga Amurka. Yara suka karɓa suna zagayawa da shi hannu-hannu, darajata ta ɗan farfaɗo.

Hanyar da igiyar za ta bi daga ƙasan rediyo zuwa durowa ƙunci gare ta, ga kuma wani soket ruwan ɗorawa ya tare tsakiya. Makulli yana kunne, don ina son in riƙa gwada rediyo ina aiki. Na ce bari in ɗan cire shi in wuce da igiyata in mayar. Ina cirewa sai wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari, hoton wani mutum zaune da ƙwallo a gabansa. Na mayar da soket ɗin da sauri. Mutumin bai tashi ba. Na kashe mota na kunna, yana nan zaune da ƙwallonsa. Na yanke shawarar ba zan kula shi ba.

Na haɗa igiyar, na soka filash. 'Yar fitilarsa ta kama, na juya na dubi 'yan kallo da murmushin nasara. Rediyo ya ce bai ga komai ba. Na cire na hura masa iska na mayar, har yanzu bai gani ba. Na san ƙa'idar USB 2.0 ta yarda igiya ta kai mita 5, tawa kuwa ɗaya ce, saboda haka ba tsawo ba ne. Tunanina na masanin tarihi ya ba ni cewa mahaɗar ce ba ta kamawa, maganinta kuma a yanke kawunan a ɗaure waya da waya kai tsaye.

A nan ne tsarin aikina ya nuna kansa. Igiyar motar na fara datsewa. Na feɗe ta, ga su nan huɗu yadda na gaya wa uwargida, ja, baƙa, kore, fara, an naɗe su da wata 'yar takardar azurfa. Na ji daɗin ilimina ƙwarai. Sannan na datse mai sauƙin, na feɗe. Ja da baƙa. Na ƙara feɗewa ciki ko sauran sun maƙale a wani lungu. Babu. Igiyar caji ce zalla, ba a halicce ta da hanyar da waƙa za ta bi ba. Ina tsugune da guntun waya a kowane hannu aka kira magariba, 'yan kallo suka watse suna yi mini sannu irin wadda ake yi wa mai zaman makoki.

Na tattara komai na cusa, na maƙala durowar na danna ta da gwiwa. Ashe wayoyin sun tokare ta ba ta rufu ruf ba, ɗan ƙwan da ke cikinta ya ci gaba da ci. Batirin dama tsoho ne, ga shi ya wuni yana ciyar da rediyo ƙofofi a buɗe. Litinin da safe, yara sun shiga da kayan makaranta, na murɗa makulli, motar ta ce ƙyat-ƙyat-ƙyat ta yi shiru. Otomatik ce, ba ta tashi da turi. Uwargida ta tare musu A Daidaita Sahu, ta dawo ta wuce ni ba ta ce komai ba, sai tambaya ɗaya: ko na ga wuƙarta?

Maƙwabcin nan ne ya ja mini wuta daga motarsa, na lallaɓa zuwa wani gareji wajen Ƙofar Ruwa. Rewayan, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya buɗe durowa, wayoyi suka zubo masa a cinya. Ya daɗe yana kallonsu.

"Alhaji, wane yaron ne ya yi maka wannan aika-aikar?"

Na ce, "Wani ne a unguwarmu." Ban yi ƙarya ba, a unguwarmu nake.

"Kada ka sake ba shi motarka. Irinsu ne suke ɓata mana sana'a. Dubi nan, har soket ɗin iyabag ya taɓa! Ko yaron da ya zo jiya ya san duk abin da ka gani ruwan ɗorawa a bayan dashbod ba a taɓa shi sai an cire kan batir. Don haka masu motar suka ba shi launi daban. Wannan jakar da ke saman durowa in ta tashi a fuskar mutum, ai sai asibiti. Wannan ko jaki ne?"

Na ce ni ma abin da na gaya masa ke nan.

Ya ci gaba da wanke yaron unguwarmu tas, yana yi yana nuna mini. Ramin USB ɗin ɗan akwati ne mai zaman kansa, ana tura shi ta baya ya fito. Igiyarsa ta asali an naɗe ragowarta an ɗaure da tef a bayan rediyo, da an kwance tef ɗin za ta kai durowa har da saura. Ba a bukatar sayen komai, ba a bukatar yanka komai. Yanzu da aka yanka sai an yi dalma, kore da farar kuma a murɗe suke tafiya tare, dole a mayar da su yadda suke, in ba haka ba waƙa ta riƙa sarƙewa. Ya miƙa aikin ga wani almajirinsa da bai fi shekarun babban ɗana ba. Yaron ya huda gefen durowa, ya zaunar da ramin daram, yana yi yana cin gyaɗa. Jan mutumin mai ƙwallo kuwa sai da aka kira mai kwamfuta ya soka na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari ya goge laifin daga ƙwaƙwalwar motar, shi ma da nasa kuɗin daban. Murfin dashbod aka samo mini na gwanjo a cikin kasuwa, launinsa ya ɗan fi na sauran haske. Abin da na kashe a ranar zai sayi filash cike da kwano.

Amma dai buri ya cika, rami ya koma durowa. Sai dai ban yi lissafin cewa daga kujerar direba hannuna ba ya kaiwa can ina tuƙi ba, wanda ke zaune a gefe kuwa a gwiwarsa yake. Uwargida ta gano haka tun fitarmu ta farko. Motar kuma ta fito daga jinya da sabuwar ɗabi'a: duk sanda aka kashe ta aka tayar, rediyo sai ya manta inda ya tsaya ya koma farkon filash, shi kuma bin haruffa yake yi.

Ranar wata Juma'a aka ce in biya in ɗauki surukina zuwa ɗaurin aure. Tun daga gida na saita Sudais, na ƙara murya yadda za a ji daga zaure. Na isa, na kashe mota, na shiga na durƙusa na gaishe shi, na riƙo masa sandarsa har kujerar gaba. Na zagayo na zauna, na yi bismilla a bayyane, na murɗa makulli.

Lata Mangeshkar ta cika layin.

Na kai hannu zan kashe, gumi ya riga ya keto mini ta ƙarƙashin hula. Sai na ji ya ce, "A'a, bar ta mana." Na bar ta. Muka hau titi ba mai cewa komai, ni idona a kan kwalta, shi yana kallon waje. Can na lura yatsansa yana ɗan bugun kan sandar. Da waƙar ta ƙare ya yi gyaran murya, ya ce a sinimar Plaza ya ga fim ɗin nan, tun bai yi aure ba, ta katanga suka fita daga gida shi da wani abokinsa da ya rasu bara. Ya faɗi sunan jarumin da na jarumar, ya gyara mini shekarar da ban ma faɗa ba. Da Rafi ya shigo sai ya ce in rage gudu, ai ba a ɗaurawa sai an sauko daga masallaci.

Da muka isa ya tambaye ni daga ina abin yake fitowa, shi bai ga kaset ba. Na nuna masa durowa. Ya buɗe, ya leƙa, ya yaba da tsabtar aikin, ya ce wanda ya yi wannan ya san hannunsa. Sannan ya sa yatsu biyu ya zare filash ɗin, ya ɗaga babbar riga ya zura shi a aljihun 'yar ciki.

"Kai ka samo wani, ɗana. Kada dai Hajiya ta ji."

Na ce, "To, Baba."