Wai Kai Ne Ba Ruwanka Da Tarihi?

Ka ce tarihi ba ya cika ciki? Na ji ka, Alhaji. Ka ce tun kana lakwal, da mushe ya buɗe darasin tarihi barci ke sace ka, kuma har yau ba ka ga asarar da ka yi ba: ga shago, ga babur, ga buhunan hatsi a sito. Madalla, Allah ya ƙara buɗi. Amma gyara zama tukuna, don na san ranar da za ka nemi tarihi ido rufe, har ka biya masa kuɗin kabu-kabu.

Ranar da ka je gona bayan ruwan shuka ka tarar iyaka ta yi tafiya, ita nake nufi. Gamban da ya raba ka da maƙwabci, wanda ka sani tun kana kai wa mahaifinka fura, ya matso cikin gonarka taki uku, shi kaɗai, cikin dare, ba ƙafa ba jaki. To, ina mutumin da ke cewa abin da ya wuce ya wuce? Ga shi can ƙofar maigari, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, yana zuba: “Ranka ya daɗe, gonar nan kakana ya sare ta tun tana daji. Kakan wancan aro aka ba shi, ba kyauta ba, ba saye ba.” Kai! Ashe kana da kaka? Ashe ka san wanda ya yi sassabe, da wanda aka ba aro, da wanda ya karɓi jingina shekarar fara?

Sai a aika a ɗauko tsohon nan da kake wucewa kullum a gindin bedi ba ka ko rage wuta. Yau kai ne mai riƙe masa sanda, kana “a hankali, Baba”, kana cusa masa goro a aljihu. Tsoho ya zauna, ya gyara hula, ya yi gyaran murya har sau biyu don ya san yau kasuwarsa ke ci, sannan ya ce shi dai abin da ya sani, iyakar daga aduwar nan ta tashi ta nufi tsohuwar rijiya. Aduwa an sare ta, rijiya ta rufta. Nan za ka ga magidanta da gemunsu sun duƙa da hauya suna neman kututture. 'Yan jami'a in sun yi irin wannan tono, binciken kayan tarihi ake ce masa, har a ba su digiri. Kai ka yi naka a rana tsaka, ko ruwa ba a ba ka ba.

Ka ce ai yanzu zamanin takarda ne, akwai kofo? Akwai mana. Tun 1993 Nijar ta yi dokar filayen noma da kiwo, daga cikinta hukumomin nan na kofo suka fito. Amma kafin su buga hatimi wa suke tambaya? Maigari, da dattawa, da maƙwabtan gona. Takardar da kake taƙama da ita maganar tsohon nan ce aka sa wa tambari.

To, mu bar gona, na ga fuskarka ta fara canzawa. Mu hau hanyar Ɗan Isa. Ka ce iyakar ƙasa haka ka taso ka gan ta? Kai ka taso ka gan ta, kakan kakanka bai san da ita ba. Tsakanin 1906 da 1908 wani kyaftin na Faransa mai suna Tilho da wani manjo na Ingila mai suna O'Shee suka ratsa dajin nan suna kafa alamomi, Jibiya ta faɗa hannun Ingilishi, Madarumfa ta faɗa hannun Faransi. Gulbin Maraɗi dai bai halarci taron ba. Har gobe daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya gaisa da Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, ya sake komawa Najeriya abinsa, ba wanda ya taɓa tsayar da shi a duwan. Kai ake tsayarwa.

Duk wannan bai dame ka ba sai watan Agusta na 2019, da Abuja ta garƙame iyakokinta. Ka tuna yadda ka riƙa zagaye shago kana cewa ba a taɓa ganin irin wannan ba? An taɓa, Alhaji, kai ne ba ka tambaya ba. Duk wanda ya ba hamsin baya a ƙasar Maraɗi ya san El Buhari, yunwar 1984 zuwa 1985. Damina ta ƙi, rumbuna suka bushe, ga shi kuma tun watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Talakawa ba su kira taro ba, ba su rubuta littafi ba, suka raɗa wa yunwar sunan mai makulli. Haka na gabansu suka yi wa ta 1914, suka ce mata Kakalaba, har ana lissafin haihuwa da aure da ita. Daga 1984 zuwa 2019 shekara 35 tsakani, Buhari guda, ƙofa guda, kai kuma kana ta mamaki. Da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka sake rufe iyaka har Maris na 2024, wa na gani ya tara samari yana ba su labarin 2019, ta inda jakuna suka bi da kaya da nawa tiyar hatsi ta kai? Kai ne, malam mai ƙin tarihi. Allo da alli kawai suka rage maka.

Ka ce to wannan na ciki ne ka yarda da shi, amma na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba abin da ya haɗa ku? Amsa mini guda ɗaya in ƙyale ka. Me ya sa sarkin da ke zaune a Maraɗi ake ce masa Sarkin Katsina, alhali ga Katsina can da nata sarkin? Ka yi shiru? A 1807 jama'ar Shehu, su Malam Umarun Dallaji, suka ci birnin Katsina. Sarki Magajin Halidu ya ƙare a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya ɗauki sarautar ya yi ƙasar Damagaram da ita, wajen 1819 ya dawo ya kafu a Maraɗi. An raba su da birni, an kasa raba su da suna. Daga nan aka shiga kai-ni-in-kai-ka na shekaru: a Gawakuke, 1836, Sarki Rauda na Maraɗi ya faɗi a fagen daga; daga baya Ɗan Baskore ya hana ƙasar Katsina barci da hare-harensa. Hanyar nan da kake bi da jarkokin fetur a bayan babur, yankin da mahaya suka yi ta kai da kawowa ne. Ba ruwanka? Jira a ce za a naɗa sabon maigari a garinku. Da asuba za mu gan ka da jerin kakanni bakwai, har da wanda ba a tabbatar ya taɓa zuwa duniya ba.

Hajiya, ke ma na hango ki kina dariya. Dakata. Ranar da aka kawo kuɗin gaisuwar 'yarki, wa ya ce “ɗan gidan wa ne?” Kafin la'asar kin gano uwarsa, da uwar uwarsa, da dalilin da ya sa kakansa ya baro Safo ya koma Jiratawa. Jami'a sai ta yi shekara uku ba ta gama irin wannan bincike ba.

Saura abin da ke bakin ƙofarku. Tafkin Madarumfa kai abin da ka sani game da shi karfasa ce da tarwaɗa, ka tsaya wurin masunta da safe ka yi ciniki ka wuce. Amma a kewayensa ne kaburburan nan suke, waɗanda mutanen gari suka gada cewa na waliyyai 99 ne, ana zuwa ziyararsu daga nesa. A 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Ka ce ziyarar nan bidi'a ce? Wancan kuma ya ce kai ne ba ka sani ba? Ni ba malami ba ne, ba ku jawo ni cikin wannan. Abin da na lura dai, da gardamar ta yi zafi kowannenku sai ya koma wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, wane amintacce ne, wane mai mantuwa ne, a wace shekara ya rasu. Isnadi ke nan, kuma ban san tarihin da ya fi shi tsanani ba. Da shi kake kafa hujja a masallaci, ka fito waje ka ce ba ka son tarihi. Haba, Alhaji!

Abin kunyar yana zuwa ne ranar da baƙo ya sauka daga Kano ko Yamai da ɗan littafinsa, ya ce kai da aka yanke wa cibi a nan, faɗa masa sunan uku daga cikin 99 ɗin, da wanda ya fara zama bakin tafkin. Sai ka sosa ƙeya, ka dubi sama, ka ce wallahi akwai wani dattijo da ya san duk wannan, amma bara ya rasu. Kullum bara ya rasu. Ka lura mai sanin nan bai taɓa rasuwa baɗi ba, balle ka riga shi?

Ka ce to wa ya rage? Goggonka da ke Gabi tana nan da ranta, kuma kanta bai ruɗe ba, ita ce ma ke gyara wa maroƙa in sun tsallake suna. Ka ce sai bayan girbi? Haka ka ce bara. Tafi ran Juma'ar nan, ka riƙe turmin atamfa da waya mai caji, ka bar ta ta fara da faɗan rashin zumuncinka, don sai ta gama shi za ta shiga labari. Kada dai ka ce ni na aiko ka, tana bina bashin goro.