A Ƙyale Ciyawar Ingila Ta Yi Barcinta

Ni dai matsayina ɗaya ne, kuma zan kare shi gaban kowane alƙali: babu abin da ciyawar ƙofar gida take nema wurin mutum a hunturun Ingila illa ya fita harkarta. Wannan kuwa shi ne abin da Bahaushen da ya kama haya a Manchester ko Birmingham ba ya iyawa. Mun taso inda tsabta ita ce a share tsakar gida tas, ciyawa kuma a nome ta kafin maciji ya samu maɓoya. Sai ga takardar haya ta ce lambu yana wuyanka, in ka yi sake a zaftare kuɗin ajiyarka. Tsoron asarar fam ɗin nan ne ke fitar da mutum da sassafe a watan Janairu, manjagara a kafaɗa, zai yi wa ciyawa hidimar da ba ta roƙa ba.

Ga hujjata. Da zarar ɗumin ƙasa ya sauka zuwa wajen digiri 5, ciyawa ta kusan daina tsawo ke nan. A daren da sama ta yi garau, raɓa kan daskare, ruwan da ke cikin ganyen ma ya zama ƙanƙara. In an ƙyale ta, rana ta fito ta narkar, ba abin da ya same ta. In aka taka kuwa, ganyen ya farfashe ta ciki. Shi ya sa filayen golf kan hana 'yan wasa shiga sai ta narke. Muguntar abin ita ce ɓarnar ba ta bayyana nan take. Ka koma ɗaki kana hura hannu, kana jin ka sauke nauyi.

Sai bayan kwana biyu ko uku ka ɗaga labule. Ga sawu nan, ƙone ƙurmus, a jere a kan koren fili, ɗaya bayan ɗaya. Ga inda ka fito da ƙarfin gwiwa, taku manya-manya. Ga inda ka tsaya kana zagaye, ka rasa ta ina za a fara. Ga dogon layi inda santsi ya kwashe ƙafar hagu. Ga tabo biyu na gwiwoyi, gefensu kuma faffaɗan tambari na inda sauran jiki ya sauka. Ka saki labulen, ka sake ɗagawa, ko Allah Ya sa idonka ne. Suna nan. Ba dama ka ɗora wa karen maƙwabta, don kare ba ya sa takalmi lamba 44. Tunda kuma ciyawar ba ta tsawo, ba sabon ganyen da zai rufa maka asiri. Labarin faɗuwarka na iya zama a shimfiɗe har watan Maris, mai kawo wasiƙa ya karanta, 'yan makaranta su karanta, su nuna wa iyayensu wurin gwiwoyin.

Za a ce, to sai a naɗe hannu? Ban ce ba. Busassun ganyayen bishiya in sun taru suna tare haske, su jawo ruɓa, dole a kwashe. Amma da rana, bayan ƙanƙara ta narke, kuma da hanzari, don a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Wani zai ce a zuba taki ta farfaɗo. Takin da ke sa ganye tsawo, a wannan lokaci laushi kawai yake ƙara mata, cuta ta samu ƙofa. Injin yanka fa? A ƙasar nan Edwin Budding ya ƙirƙiro shi a 1830, amma 'yan ƙasar ma sukan kulle nasu a sito yawancin hunturu.

Abin da ba a rasawa shi ne masu shawara. Dattijon maƙwabci zai leƙo ta kan shinge, ya ƙare wa sawun kallo, ya sanar da kai cikin ladabi cewa ba a taka ciyawa in ta daskare. Madalla. Amma gwanin shi ne Kawu, in tsautsayi ya sa ka juya masa kyamara a kiran bidiyo.

"Ɗana, ba ku da akuya ne?"

"Kawu, mai gidan ba zai yarda ba."

"To cinna mata wuta mana, da ruwan fari za ka ga sabon toho."

"Ba ta kamawa, Kawu. Nan kusan kullum ruwa ake yi."

Sai ya yi shiru, ya matso da fuska jikin waya.

"Ruwa kullum, ga fili, kuma ciyawa kuka shuka?"