Mu da raba had-dis gida biyu

A wajenmu, ba ka karɓar laftof daga hannun mai gyara sai ka ji ya ce, "Alhaji, na raba maka ita, C da D." Ko a shagunan Beirut Road ne a Kano, ko a ɗan shagon bakin layi, abin ya zama kamar ƙa'ida. Ka tambayi dalili a ce maka ai ta fi gudu. Ɗalibi ya gaya wa ɗan ajinsu, mai shagon buga takardu ya gaya wa yaronsa, har maganar ta zauna.

A tsohon had-dis akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Faifai ne ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allura na bin sa tana karantawa. Zagayen bakin faifan ya fi na tsakiya tsawo, shi ya sa a juyi ɗaya allurar ke kwasar bayanai kusan ninki biyu a baki. Kason farko kuwa, wato C, a bakin yake zama, Windows ta samu wuri mai kyau. Amma da ka kunna fim daga D alhali Windows na nata aikin a C, allura ta shiga kai-komo ke nan, ɗan ribar da aka samu ta zube. Ku ma lura da wani abu: in ka matsar da babban fayil daga wannan jaka zuwa waccan a cikin C, nan take ya wuce, don adireshinsa kawai aka sauya. Daga C zuwa D kuwa sai an kwafe shi kaf, ka yi ta jira.

A sabon nau'in ma'ajiya, wato SSD, ma babu zancen. Ba faifai, ba allura, ka raba ko kar ka raba gudun ɗaya ne.

Inda muke cutar kanmu shi ne wajen rabon. Sai a tsakura wa C ɗan wuri, a bar wa D sauran saboda finafinai da hotunan biki. Windows 11 ita kaɗai ba ta yarda da ƙasa da giga 64, ga sabuntawa, ga manhajoji, ga duk abin da aka sauko da shi daga intanet yana faɗawa C. Ba a jima ba layin C ya yi ja, kwamfuta ta fara jan ƙafa, D kuwa na nan rabinsa fayau.

Ni ban ce a daina rabawa ba. Ranar da Windows ta rikice aka ce sai an goge an sake zubawa, wanda ya ajiye kayansa a D yana tafiya gida da su. Abin da ke damuna shi ne masu ɗaukar D a matsayin wurin tsira, har da ɗaliban da kundin kammala karatunsu ke can shi kaɗai. C da D ɗaki ɗaya ne aka ja wa katanga a tsakiya, in rufi ya rufta duka yake dannewa. Laftof ta faɗi tana kunne, ko had-dis ya fara ƙaras-ƙaras, dukansu sun tafi tare. Kundi irin wannan a kwafe shi a filas ko a tura wa kai ta imel.

Mai neman gudu kuwa ya ce wa mai gyara ya ƙara masa RAM, ya cire tsohon had-dis ya sa SSD. Tsohon had-dis na laftof yakan karanta wajen mega 100 a daƙiƙa, SSD ko mai araha yana kaiwa wajen 500.