Wasiƙar Jaje Zuwa ga Injin Babur

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida iyali, su fulogi da kuloci da fistin da 'yan ringinsa. Ba zan ce maka ina gajiya ba, don na san amsar. Afrilu ya kama, a Sakkwato da Maiduguri zafi ya haura digiri 40 a cikin inuwa, kai kuwa rabonka da inuwa tun ranar da aka fito da kai daga kwali.

Dalilin wannan takarda shi ne in yi maka jaje, in kuma tsaya maka shaida, tunda ba ka da inda za ka kai kuka. Duk garejin da aka taru, kai ne abin zagi. Wai injinan yanzu ba su da ƙarko, wai mutanen Indiya da na Sin sun rage ƙarfe. Har yau ban ji wanda ya miƙe ya ce shi ya kashe injinsa da hannunsa ba.

An manta yadda aka ƙera ka. Yayanka injin mota yana da lagireto cike da ruwa, ga fanka tana yi masa fifita ko a tsaye yake. Kai kuwa, ko Boxer ɗin Bajaj ne kai, ko Jincheng, ko Haojue, gadonka bai wuce waɗannan haƙarƙarin alminiyam da ke kewaye da kanka ba, sai iskar hanya. In ana tafiya ka sha iska, in an tsaya ka dahu. Amma sai ka ga mutum ya ci birki gaban majalisa, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya bar ka kana ta bugawa, yana gaisuwa har da tambayar kakanni. Makulli yana nan kusa da hannunsa, murɗa shi ne aiki. Da damina kuma laka ta cika tsakanin haƙarƙarin ta bushe, a wanke tanki yana ƙyalli, a goge madubi, a bar ka da rigar taɓo.

Akwai kuma masu tausayinka, waɗanda na fi jin tsoro. Su ne in sun ji kana huci sai su fasa ledar fiya wata su tsiyaya maka a ka, su ji cuuu, su ce ai ya ji daɗi. Ƙarfen da ya ɗauki zafi in ya sha sanyi farat ɗaya yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Da sun kashe ka sun ba ka 'yan mintoci a gindin bishiya, da sun yi sadaka.

To, mu zo kan baƙin mai, inda aka fi cin amanarka. Abin da cikinka ke ɗauka bai fi kamar lita ɗaya ba. Wannan 'yar litar ita ke shafa fistin, ita ke shiga tsakanin haƙoran giya suna niƙa ta, ita ke jiƙa kuloci, ita ce kuma ke kwashe zafi daga lungunan da iska ba ta isa. A mota man inji daban, man giya daban. A wurinka mai ɗaya ne yake aikin mutum uku, kamar matar da ke daka tana goyo tana kuma duba tukunya. Wannan man ne maigidanka yake zuwa bakin titi ya saya a tsohuwar robar lemo, ba suna, ba lamba, ba wanda ya san uwarsa balle ubansa. Mai sayarwa ya ɗiga a yatsa ya murza ya ce, dubi kauri, Alhaji. Shi ke nan an gama bincike. Wani man ma an juye shi ne daga cikin wata mota, aka tace aka sake ba shi aure.

Alhali galan na gaskiya ba ya ɓoye komai, karanta shi ne ba a yi. In an ga 20W-50, lambar farko tana faɗin yadda man yake gudu da sanyin safiya, ta biyu kuma kaurin da ya rage masa in zafi ya kai digiri 100. Kaurin da yatsa ya ji a inuwar rumfa bai ce komai ba game da abin da zai faru a cikinka da azahar. Irinku masu shan iska, a ƙasa mai zafi, 20W-50 kamfanoni da dama suke rubuta muku, wasu kuma 10W-40 ko 10W-30, kowa da nasa. Amsar tana cikin ɗan littafin nan da aka ba maigidanka ranar da ya saye ka, wanda yara suka yi jirgin takarda da shi.

Sai wasu haruffa da na so a ce kowane ɗan acaɓa da ɗan kabu-kabu ya haddace: 4T da JASO MA. Na farko yana nufin man irinka ne, ba na tsofaffin baburan nan masu hayaƙi da ake gauraya musu mai da fetur ba. Na biyu ma'auni ne da Japanawa suka fito da shi a 1998 saboda kulocin da ke wanka cikin mai. Man mota na zamani akan sa masa sinadarin ƙara santsi don a rage shan fetur. Santsin nan alheri ne ga mota, kai kuwa yana iya sa kulocinka ya riƙa zamewa: a murɗa totur ka yi ta ihu, babur yana rarrafe, zafi yana ƙaruwa. Saboda haka mai cewa ya saya maka man Marsandi don ya girmama ka, ka ce masa ka gode, ya mayar.

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wata sabuwar azaba ta same ka. Kowa ya je wurin bakanike sai ya ce a rage masa shan mai. Bakanike ya ɗauki sukundireba ya matse kafireta, fetur ya ragu, iska ta yi yawa, wutar da ke ci a cikinka ta ƙara zafi. A cire fulogi a gan shi fari fat, a ce ai tsafta ce. Kuɗin da aka yi tsiminsa a gidan mai, mai sayar da fistin da ringi yake jira. Ban ga laifin talaka ba, fetur ya yi tsada. Amma a ɗora maka buhun masara biyu da fasinja da akuya, a rage maka abinci, ranar da ka buga kuma a ce ba ka da ƙarko, wannan ko a gaban alƙali ba za ta ci ba.

Ga abin da na roƙa maka wurin masu kai, kuma ka san ba ni da iko a kansu. Su duba sandar gwajin mai da safe, babur a tsaye daidai, kada ya gaza, kada kuma a cika ya wuce alama har ya yi kumfa. Su yi juye kafin man ya koma kwalta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, su wanke matacin iska. Su sayi galan mai hatimi da ba a fasa ba, a buɗe a gabansu.

In sun ji, to. In ba su ji ba, don Allah ranar da za ka buga ka daure ka kai bakin gari, kada ka yi a tsakiyar daji da rana tsaka, fasinjan ba shi da laifi.

Wassalam. Naka mai ƙaunarka,
Wani mai babur, daga Zariya.