Wanda ya tafasa iri

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa na zuba kuɗin sallamata a tumaki: 'yankasa bakwai da ragon balami ɗaya mai kallon mutum kamar yana bin sa bashi. Da damina muka zauna lafiya. Da Maris ya kama, ƙasa ta ƙone, kuɗin damin harawa ya haura, na lissafa na ga ragon nan ya fi ni cin fanshona.

Wani tsohon ɗalibina, malamin gona, ya ce in shuka musu makiyaya. A haɗa gamba da lablab da sitailo: gamba ta cika ciki, sauran biyun dangin wake ne, su gina jiki, jijiyoyinsu kuma su tara wa ƙasa taki daga iska. Ya ce sitailo baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, tun shekarun 1980 makiyaya a wajen Kachia ke killace ta sai rani, a saki shanu ciki awa biyu ko uku a yini. Ya miƙo min ƙulli uku, ya tayar da babur, ya ce, "Malam, ɓawon irin sitailo tauri gare shi, sai an sa shi a ruwan zafi..." Ragowar maganar salansa ta cinye. Shekara 35 ina cewa yara wanda bai gane ba ya yi tambaya, amma ni in tambayi yaron da na koya wa baƙi da wasali? Girma ya hana.

Na yi tunani irin na masu ilimi: in zafi na da amfani, tafasa ta fi. Na ɗora tukunya na hura wuta. Don kada a yi rashin adalci, na zuba lablab ma. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, waken nan da manja za a ci ko da mai da yaji?" Na ce mata kimiyya ce. Irin gamba kuwa, mai kama da gashi, na watsa shi ranar da ake iska, na tsaya ina kallo ya tsallaka gonar Baba maƙwabcina. Na ƙara da amalanke biyu na taki daga makwantar shanu.

Bayan mako biyu fili ya yi shar. Na kewaye shi da ƙaya. Kullum ina duƙe da fartanya, duk abin da bai yi kama da shukata ba in tuge, musamman wani mai yaɗo da ya dame ni. Da magariba ganyen shukata kan naɗe, na riƙa gaya wa mutanen masallaci cewa ciyawar Turawa har barci take yi. Da ta yi fure na buga wa ɗalibina waya. Ya ce, "Ruwan ɗorawa ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Malam, ka gama."

Ranar buɗewa na gayyaci Baba ya ga zamani. Tumaki suka shiga, suka sansana, suka tsaya cirko-cirko. Balami ya yi atishawa, ya juya, ya fita, ya kafa kai a tarin abin da na tuge na zubar a bayan shinge. Sauran suka bi shi.

Baba ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Malam, ashe tafasa ma noma ta ake yi yanzu? Wancan da ka zubar kuwa gadagi ne, kuɗi ake sayen sa."

Na san tafasa tun ina yaro, a juji da bakin hanya. Amma wadda ta sha taki, aka yi mata shinge, ta yi ƙiba, sai ta ɓace min, kamar ɗan unguwa da ya dawo daga birni cikin babbar riga.

Ɗalibina ya zo, yana ta tari don ɓoye dariya. Ya ce sauke ruwan ake yi daga wuta, a jiƙa irin na 'yan mintoci, a shanya. Lablab ba ya bukatar komai. Ganyen sitailo uku-uku ne ƙanana. Tafasa kuma cikin takin ta biyo ni, dabbobi ba sa kula ta tana ɗanya.

Na shiga gida jiki a sanyaye, na tarar da kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli a kwano. Sai a lokacin na tuna tun Yuli muke cin sa kusan kullum. Na ce wa uwargida, "Kin san tafasa ce, kika yi shiru?"

Ta ce, "Malam, ai na zaci mu ka shuka wa. Kai ka ce kimiyya ce."

Gamba dai ta fito lafiya lau a kan iyakar Baba. Bana ya sayar min da dami huɗu, ya yi min ragi saboda maƙwabtaka.