Likita Ya Koma Ɗan Duba? Ku Matso, Masu Gardama

Na san halinku, mutanen Mubi. Da an ce "bincike ya nuna", sai ku ture kofin shayi gefe, ku gyara zama a benci, ku ce, "To, Turawa sun sake ƙirƙiro wata." Yau kuwa na zo muku da wadda za ta fi ba ku haushi: daga ɗan jinin da ake ɗiba a hannu, likita yana iya samun haske a kan mai ciwon dajin fata, ko ciwon nasa mai saurin cin ƙarfi ne, ko mai jin magani. Ga Bappa can a Wuro Gude har ya ajiye carbi: "A'uzu billahi! Likita ya koma ɗan duba?"

Sannu Bappa, ɗauki carbinka. Kai da ƙafarka ta saba da kasuwar shanu, sau nawa dillali ya buɗe bakin bijimi a gabanka, ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya ce wannan zai yi kiwo, wancan kuwa ba zai kai Legas a tirela ba? Ban taɓa jin ka ce ya yi shirka ba, la'ada ma kake biyansa kana godiya. Abin da ya gani a jikin dubban shanu ne yake auna na gabansa da shi. Likita ma iyakarsa ke nan. Gaibu na Allah ne, shi ƙirga kawai yake yi.

Ga abin da yake ƙirgawa. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai iri biyu da suka shafi zancenmu. Na farko su ne niyutirofil, waɗanda suka fi yawa, masu rugawa duk inda aka ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga, su ta da kumburi. Na biyu su ne limfosait, masu gane ƙwayar jikin da ta rikiɗe ta zama daji, su kashe ta. Idan daji ya yi ƙarfi yakan fitar da sinadaran da ke sa ɓargo ya yi ta kwararo niyutirofil, wasunsu kuma su danne aikin limfosait, har su taimaka wajen tsiro da ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin. Sai likita ya raba adadin na farko da na biyu. In niyutirofil 6,000 ne, limfosait 1,500, amsa 4 ke nan. Lafiyayyen baligi yawanci tsakanin 1 da 3 yake. Wannan lissafi shi likitoci ke kira NLR, kuma ba ya buƙatar wata na'ura daga Dubai: yana cikin takardar gwajin ƙidayar jini da aka saba yi a asibitocin garin nan.

"Sabon yayi ne, zai wuce," in ji Kawu. Haba Kawu, zancen nan ya girmi kakanka. Tun 1863 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya ga fararen ƙwayoyin jini jibge cikin ƙari, ya ce akwai alaƙa tsakanin kumburi da daji. A 2001 Roman Zahorec na ƙasar Sulobakiya ya kawo shawarar wannan rabawar don auna wahalar da jikin majiyyaci ke ciki. A 2014 aka tattara bincike 100 da suka shafi masu ciwon daji iri-iri sama da 40,000, aka ga waɗanda lissafinsu ya yi sama haɗarin mutuwarsu ya kusa ninka na sauran.

Daga cikin cututtukan da aka gwada shi a kansu har da wani dajin fata da ba a cika gani ba, mai suna Merkel. A'a Malam, ba matar nan da ta mulki Jamus ba. Sunan wani masani ne, Friedrich Merkel, wanda ya gano ƙwayoyin fata masu jin taɓi a 1875. Sai a 1972 Cyril Toker ya fara bayyana ciwon, a 2008 kuma masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka gano wata ƙwayar bairus a cikin kusan takwas daga kowane ƙari goma. Ƙullutu ne marar zafi mai saurin girma, yawanci a fuska ko wuya, ya fi kama tsofaffi masu farar fata da waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana. Wani bincike na Faransa a 2016 ya nuna masu wannan ciwo da lissafinsu ya kai 4 ko ya wuce sun fi shiga haɗarin rasa rai sanadinsa.

Na ga Goggo ta yi murmushin nasara: "Ka faɗa da bakinka, na masu farar fata ne. Mu baƙaƙe rana ba ta cin mu." Goggo, kin ci rabin gardamar, amma kada ki yi guɗa tukuna. Gaskiya ne Merkel baƙo ne a wajenmu, sai dai muna da namu. Zabiyan da ke cikinmu fa, waɗanda ranar Maris da Afrilu ke gasa wa fuska da wuya har gyambo ya ɓullo tun suna samari? Tsohon tabon ƙuna ko gyambon ƙauri da ya shekara goma ana barbaɗa masa gari, ya wayi gari bakinsa ya kumbura yana wari yana zubar da jini fa? Wannan likitoci sun san shi da sunan Marjolin, Bafaranshen da ya bayyana irinsa a 1828. Ga baƙin tabon da ke fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, wanda manomi zai ce ƙaya ce ya taka. Irinsa ne ya fara a yatsar ƙafar Bob Marley, ya yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36, kuma ban ji wanda ya ce Bature ne ba. Ga kuma Kaposi, mai fitar da baƙaƙen ƙulluta a ƙafa, wanda ya fi addabar masu raunin garkuwa.

Saura kai, ɗan Poli, da ka gaskata da wuri har ka wuce gona da iri. Na hango ka ka zaro tsohuwar takardar gwajinka, ka buɗe kalkuleta a waya, ka samu 5, ido ya raina fata, kana shirin raba gadon caja da takalma. Mayar da wayar aljihu. Wannan lissafi ba ya gano daji. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, maruru yana ɗaga shi, haka juna biyu da tiyata. Ƙwayar nan ta ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, in mai ɗauke da dezametazon ce, ita ma tana hauhawar da niyutirofil ta sauke limfosait. Amfaninsa yana zuwa ne bayan an riga an tabbatar da ciwon, shi ma a haɗe da girman ƙarin, da ko ya kai ga kaluluwa, da ƙarfin jikin majiyyaci.

Masu shakka, ga inda zan sara muku. Akasarin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani tambari a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu da ake kira Duffy. Rashinsa yana kare mu daga wani nau'in maleriya, kuma yana sa adadin niyutirofil ɗinmu ya kan zama ƙasa da na Turawa alhali muna lafiya ƙalau. Ashe 4 ɗin Faransa ba lalle ya zama 4 ɗin Lokuwa ko Shuware ba. Da wannan kuka kafa hujja tun farko, da na biya muku kuɗin shayin. Aiki ne da ke jiran likitocinmu na Yola da Maiduguri su auna a jinin mutanenmu.

Kafin nan, abin da ke raba gardama guda ne: a yanki ɗan naman wurin a duba shi a ɗakin gwaji. Kada ku ce wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Jinkiri ne ke baza shi. Duk gyambon da ya wuce wata guda bai kama hanyar warkewa ba, duk ƙullutun da ke girma, duk baƙin tabon da ke sauya kama, a kai shi asibiti. In an ce sai Yola, a bi ta Hong da Gombi da Song a je tun ƙarin yana ƙarami. Mai ɗa zabiya kuma ya saya masa malafa da riga mai dogon hannu, ya hana shi yawon tsakar rana. Gardamar lissafin jini kuwa ku ci gaba da ita a teburin mai shayi, amma bayan an dawo daga ganin likita.